Ɓawon Ƙwai a Maƙerar Ali

Shekara talatin da biyar na yi a ɗakin gwaji na sashen kimiyyar sinadarai a jami'a, kuma yawancin kwanakin sun gauraye mini a ka. Amma ban taɓa mantawa da safiyar Talatar da Dakta Fadimatu ta shigo mini ba ko sallama ba. Wanda ya san ta ya san ba halinta ba ne. Mace ce da ko mai shara ta tarar sai ta tsaya ta tambayi lafiyar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, har mutum ya ƙosa. Ran nan takarda kawai ta ajiye a kan bencina, ta ce, "Bappa Sule, karanta wannan." Bappa take kirana, wato baffa da Fulatanci, saboda na girme ta nesa ba kusa ba, ko da yake a wurin aiki ita ce gaba da ni.

Ku da kuka gaje mu kun san aikin, amma bari in yi wa na waje bayani. Ni ba malami ba ne. Mu ake ce wa teknolojis. Mu ke wanke kwalabe, mu auna sinadarai, mu kunna na'urori, mu kuma rubuta duk abin da aka yi a littafin aiki, da rana da awa da sa hannu. Na fara daga ƙaramin mataimaki, lokacin da wannan abu ya faru na kai babban teknolojis. Malamai su yi tunani, mu mu sa hannu, sunansu ya fito a mujalla, mu kuma a ce mana sannu da ƙoƙari. Ban taɓa jin haushin haka ba, ko in ce ban cika ji ba.

Fannin Dakta shi ne haɗa sinadarai irin waɗanda ake gina magunguna a kansu. Wasu sinadaran ko shekara ka bar su a kwalba ɗaya ba za su haɗu ba, sai an sa musu wani abu da ake kira katalis. Shi katalis kamar dillali yake a kasuwar shanu, ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi ya koma gefe yana jiran na gaba. Matsalar ita ce katalis ɗin da aka saba amfani da su wasu ƙarafa ne masu tsadar gaske, daga waje ake kawo su, mu nan sai dai mu gan su a littafi. Sai Dakta ta ce bari ta gwada ɓawon ƙwai da aka ƙona ya zama gari.

Ni aka ɗora wa tara ɓawon. A Dubeli nake zaune, a cikin Jimeta, don haka kullum da safe kafin in hau motar Girei, inda jami'ar take, sai in bi teburan masu shayi da buhu. Sun sha yi mini tsiya. Wani cikinsu har cewa yake, "Malam Sule, jami'a ya daina ba ku abinci ne?" In na kawo sai in wanke, in shanya, in daka, in ya taru sai a ƙona a tanderun lantarki awa huɗu a kan zafi digiri ɗari tara. Haka Dakta ta tsara, haka kuma ke rubuce.

Abin ya yi aiki fiye da yadda ita kanta ta zata. Ta rubuta, wata babbar mujalla ta ƙasar waje ta buga, kuma kan labarin shi ne an haɗa wannan sinadari da ɓawon ƙwai zalla, babu wani ƙarfe a ciki. A aikin bincike ba a auna mutum da yawan surutunsa, ana auna shi ne da yawan masana da suka ambaci aikinsa suka ɗora nasu a kai. To, ambato ya yi ta zuwa daga ƙasashen da ni ko sunansu ban iya faɗa daidai ba. Aka fara gayyatar ta taro. Da lokacin neman kujerar farfesa ya yi, aka tattara takardunta za a aika wa manyan farfesoshi na wasu jami'o'i su tantance, kamar yadda doka ta tanada, wannan takarda ce a sama.

Wasiƙar da ta ajiye mini kuwa daga editan mujallar take. Wasu masu bincike a Indiya sun bi tsarinmu daki-daki, sun maimaita har sun gaji, ba su sami komai ba. Edita ya ba ta wata ɗaya ta yi bayani, in ba haka ba za a janye takardar. Janye takarda ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Ba a cewa ka yi ƙarya, amma kowa haka zai karanta. Kujerar farfesa ta tafi, sunan da ta yi shekaru tana ginawa ya tafi, ɗalibanta da suka ɗora digirinsu a kan aikin su ma abin ya shafe su.

Na gama karantawa na ɗago. Ta ce, "Wataƙila ƙwansu ne daban. Mu sake yi, mu ɗauki hoton kowane mataki, mu aika musu."

Na ce to. Amma tun a lokacin na san abin da ita ba ta sani ba.

Garin farko da muka yi duk aikin da shi, babbar kwalba guda, ya ƙare tun watanni. Don haka na koma wa masu shayina, na wanke, na daka, na ƙona a tanderun lantarki. Ya fito fari fat. Muka haɗa, muka jira awa shida. Akwai wani ɗan faranti mai kamar kati da muke ɗiga ruwan gwajin a kai, a haska shi da wata fitila, idan sabon sinadari ya samu sai ka ga ɗigo ya bayyana a wani wuri da muka sani. Muka haska, wurin wayam.

Muka sake. Muka canza ruwa, muka canza kwalabe, muka ari ma'aunin zafi daga wani sashe. Dakta ta sa na nemo ɓawon ƙwan kajin gida, na nemo na gidan gona, har na zabi sai da na je ƙauye na samo. Kwana goma sha ɗaya muna abu ɗaya. Ta rame, ta daina zolayar kowa. Shugaban sashe ya leƙo wata rana, ya ja ta gefe, amma ina jin su. Ya ce, "Dakta, ki ja su da wasiƙu mana. Yau ki ce babu wuta, gobe ki ce ana yajin aiki. Kafin su farga sakamakon farfesa ya fito." Ta ce, "Ranka ya daɗe, in na hau kujerar a haka, da wane ido zan dubi ɗalibina in ce kada ya yi satar amsa?" Ya kaɗa kai ya fita.

Ni kuwa ina nan ina wanke kwalabe, ina taya ta neman abin da ke cikin aljihuna.

Ga abin da ya faru. Shekarar da aka fara wannan aiki ita ce shekarar da mutanen Mubi da Michika da Madagali suka kwararo Yola da ƙafa suna gudun 'yan tayar da ƙayar baya. Wanda yake garin nan a lokacin ya san yadda aka yi. Kowane gida ya cika, masallatai da coci-coci da makarantu duk mutane. Gidan su Dakta da ke unguwar Ajiya dangin mahaifiyarta sun cika shi har zaure, cikinsu da tsofaffi marasa lafiya, ta ɗauki hutun mako biyu tana jigila tsakanin gida da asibiti. Kafin ta tafi ta bar mini ɓawo buhu guda, ta ce in ƙona kafin ta dawo. Kwana biyu da tafiyarta tanderu ya mutu. Mai gyaransa yana Kaduna. Na kira shi, ya ce ko jirgi aka aiko masa ba zai taka Adamawa ba sai ƙura ta lafa.

Na ga matar nan da abin da ke kanta, na ce ba zan ƙara mata wani ba. Wannan shi ne dalilin da nake gaya wa kaina. Akwai na biyu, wanda ya fi gaskiya: ina so ta dawo ta tarar Bappa Sule ya yi abin da ya gagara. Ina da aboki tun na ƙuruciya a Dubeli, Ali Maƙeri, wanda ke narka tagulla yana zuba mundaye da zobba da ƙararrawa. Na ce a raina wuta ai wuta ce, wadda ta narka tagulla ba za ta kasa ƙona ɓawon ƙwai ba. Na kai masa, ya zuba a kaskon narkinsa kashi-kashi, muka wuni ana zuga. Garin ya fito da ɗan duhu-duhu, na ce hayaƙin gawayi ne, na tankaɗe, na cika kwalba. Da na koma ofis na buɗe littafin aiki na rubuta: tanderun lantarki, digiri ɗari tara, awa huɗu. Na sa hannu. Da Dakta ta dawo ta ga kwalba cike ta yi ta sa mini albarka. Da ta ji tanderu ya lalace ta ɗauka bayan na gama ne, ni kuma ban gyara mata ba.

Cikin kwana goma sha ɗayan nan babu ranar da ban yi niyyar faɗa ba. Sai in tuna saura mini 'yan shekaru in yi ritaya, kuma rubuta ƙarya a littafin aiki laifi ne da zai iya kai mutum ga kora. Sai in ce wa kaina ai ba lallai maƙerar ce ba, wataƙila gobe abin ya yi. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba.

Rana ta goma sha biyu Juma'a ce. Na shiga ofishinta da hantsi in karɓi makullin sito, na tarar tana buga wasiƙa. Ta juyo mini da kwamfutar. Wasiƙar janye takardar ce, da hannunta, tun kafin wa'adin edita ya cika.

Ta ce, "Bappa, kai shaida ne ban ƙirƙira ba. Da idonka ka ga ɗigon nan. Amma abin da ba zan iya maimaitawa ba, ba ni da ikon barin mutane su ci gaba da ɓata lokacinsu a kai." Sannan ta ce, "Ka yafe mini. Wata da watanni ka yi kana yawo da buhu ana yi maka dariya, ga shi na mayar da wahalarka banza."

Duk abin da na shirya wa zuciyata na jurewa, ban shirya wa wannan ba. Da zagina ta yi da na iya ɗauka. Na ja kujera na zauna ba tare da an ce in zauna ba, na ce, "Dakta, kada ki aika. Akwai maganar da na riƙe." Na faɗa mata duka, tun daga mai gyaran Kaduna har sa hannuna a littafi. Ban ɗago kai ba sai da na gama.

Ta cire tabarau ta ajiye. Ina jiran ta ce in fita. Sai na ji ta ce, "Me yake narkawa a kaskon?"

Na ce, "Tagulla."

"Tagulla," ta maimaita a hankali, tana kallon bango. Ta rufe kwamfutar, ta ɗauki jakarta. "Mutumin yana da rai?"

"Yana nan."

"Ɗebo ɓawo. Bayan an sauko daga masallaci za mu je."

Muka shiga mota daga Girei, muka haye gada zuwa Dubeli. Mun tarar da Ali a rumfarsa yana goge wasu mundaye. Da ya hango ledar hannuna ya ce, "Sule, ƙwai ɗin nan kuma? Wancan karo kwana uku rumfa na yana wari, maƙwabta suka ce na fara tsafi." Sai ya ga Dakta a bayana, ya gyara zama. Ita kuwa ta tattara lafayarta ta durƙusa a gaban murhu, ta gaishe shi da Baba, ta shiga yi masa tambayoyi kamar ɗaliba. Wane irin tagulla yake narkawa? Ya ce tsohuwar wayar injin da kan famfo da duk abin da 'yan gwangwan suka kawo. Yana wanke kaskon? Ya yi dariya. "Hajiya, wa yake wanke kasko? Wuta ne yake wanke shi." Kaskon wancan lokacin fa? "Ya fashe tun tuni. Amma wannan ƙanin shi ne, aiki ɗaya suke yi."

Ya zuba ɓawon, aka yi ta zuga har la'asar sakaliya. Da ya huce ya juye a faranti, sai ga garin da ɗan duhunsa, in ka karkata shi a rana har wani kore-kore yake yi. Dakta ta shafa da yatsa ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Haka na farkon yake. Na ga wannan launi a lokacin, na ce ƙwan ne. Ban tambaya ba, wannan kuma nawa laifin ne." Ta ce wa Ali, "Useko, Baba," wato ta gode. Ya ce shi dai a daina kawo masa ƙwai.

Washegari Asabar, babu kowa a sashe sai mu biyu. Muka haɗa da ƙarfe tara na safe. Awa shidan nan ban san yadda suka wuce ba, na wanke kwalaben da na riga na wanke, na share sito da ba ya bukatar shara. Ƙarfe uku ta ɗiga a faranti, ta miƙo mini fitilar, ta ce ni zan haska. Na haska. Ga ɗigon nan a wurinsa, ɓaro-ɓaro, kamar bai taɓa ɓata ba.

Na zauna a kan siminti da farar rigar aikina. Dakta ta dafa benci, ta ce Alhamdulillahi a hankali, ta sake faɗa. Ni dai hawaye nake yi, tsoho da ni, ban kuma ji kunya ba. Nauyin da na sauke ran nan ban taɓa sauke irinsa ba.

Sai dai aiki bai ƙare a nan ba, domin yanzu ta tabbata abin da aka buga ba daidai ba ne. An ce babu ƙarfe, alhali ƙarfen ne dillalin. Ta aika garin wani ɗakin gwaji a kudu mai na'urar da ke gano abu komai ƙanƙantarsa, suka tabbatar akwai tagulla, 'yar kaɗan, wadda gwajin da aka yi wa garin farko ba zai iya gani ba. Daga nan muka ɗauki ɓawo mai tsabta, muka auna tagulla da ma'auni muka zuba, muka ƙona a tanderun lantarki. Ya yi. Muka cire tagullar, ya ƙi. Muka mayar, ya yi. Sau nawa muka yi haka, ni kaina na daina ƙirgawa.

Ta rubuta wa edita komai, saura kwana biyu wa'adi ya cika. Da ta ba ni in duba na ga har maƙerar ta sa, na ce, "Dakta, wannan wurin fa? Turawa za su yi mana dariya." Ta ce, "Su yi. In sun gama dariyar sai su gwada." Ta kuma rubuta wa rajistara ta ce a dakatar da fayil ɗinta na farfesa har gyaran ya fito, kada a tantance ta a kan abin da ta san akwai kuskure. Wannan ya ja mata shekara guda cur.

Edita bai janye takardar ba, gyara ya buga. Mutanen Indiya suka gwada da tagulla, abin ya yi musu tun karon farko, shugabansu ya rubuto yana neman su yi aiki tare. Tagulla ba ta da tsada, ɓawon ƙwai kuwa a bola ake zubarwa, don haka aikin da aka gyara ya fi na farkon amfani, domin shi kowa ya gwada zai samu. Yau ɗalibai daga wasu jami'o'i suna zuwa koyon hanyar a ɗakin da kuke tsaye a ciki. Ita kuma Farfesa kuke kiranta, ni ne dai bakina ya saba da Dakta.

Mako guda bayan amsar edita masinja ya kawo mini ambulan. Kweri ce, wato takardar tuhuma da ake ba ma'aikaci ya kare kansa cikin kwana biyu. Laifin: rubuta abin da ba a yi ba a littafin aiki. Mai sa hannu: Dakta Fadimatu. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini zafi. Na amsa a layi uku, na ce na aikata, ba ni da hanzari. Kwamitin ladabtarwa ya zauna, ta je da kanta ta faɗi laifina ba ta rage komai ba, sannan ta roƙa a yi mini sassauci. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka sa a fayil.

A makon da gargaɗin ya fito dai ta kira ni ofis ta nuna mini daftarin takarda ta biyu, wadda za su fitar tare da mutanen Indiya. A jerin marubuta, na uku, ga sunana. Ban taɓa ganin sunana a irin wannan wuri ba. Na ce, "Dakta, ban gane ba. Jiya kweri, yau wannan?"

Ta ce, "Waccan ta abin da ka rubuta ce, Bappa. Wannan ta abin da ka yi ce. Da ka rubuta abin da ka yi tun farko, da guda ɗaya kawai za ka samu."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. A ƙasar nan wuta za ta ɗauke, na'ura za ta mutu, mai gyara zai ƙi zuwa, kuma dole ku yi dabara, domin da dabara muke aiki tun kafin a haife ku. Ba dabarar ce laifi ba. Ku dai rubuta ta yadda take, ko da a maƙera kuka yi, ko da kuna ganin za a raina ku. Malamin da ke sama da ku ba ya ganin hannunku, littafinku yake gani, a kansa yake ɗora sunansa, wasu kuma a wata duniya su ɗora nasu a kan nasa. Na kusa rusa mutuniyar kirki da layi ɗaya da na rubuta don a yabe ni.

Ranar da na je karɓar takardun ritaya, ma'aikacin rajista ya buɗe fayil ɗina ya ga gargaɗin nan, shi kaɗai cikin shekara talatin da biyar. Ya ce ai ya daɗe, in na rubuta roƙo za a iya cire shi in fita da fayil mai tsabta. Na ce ya bar shi a inda yake.